Jinin Thongsuk

Shekara shida Wilaiwan ta yi a wani ɗakin bincike a birnin Khon Kaen tana fama da abu guda: wani furotin da ke jikin ɓawon ƙwayar cutar fitsarin ɓera, cutar da ke kama manoman shinkafa idan ruwa ya kwanta a gona. Ƙwayar tana da wuyar kiwo, ga haɗari. Don haka Wilaiwan ta ciro umarnin ƙera furotin ɗin, ta dasa shi a cikin wata ƙwaya mai sauƙin hali, wannan kuwa ta riƙa zubo mata shi. Ta tace, ta shafa a kan 'yar siririyar takarda. A ɗiga jini: layi biyu, akwai cutar, layi ɗaya, babu. A kan jinin majiyyata da ke ajiye a firiji, da wuya takardar ta yi kuskure.

Da damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya kwantar da yayanta Thongsuk a ƙauye. Kwana biyu da farawa ta je duba shi, da takardun a jaka.

"Auta," in ji shi daga kan tabarma, "ɓerayenku sun ƙare ne kika zo gwaji da ni?"

"Miƙo yatsa, Yaya, ka rage surutu."

Layi ɗaya ya fito. Ta sake, layi ɗaya. Matarsa Bualoi ta riga ta kira mai motar da zai kai shi asibiti.

"Sallame shi," Wilaiwan ta ce. "Ba ita ba ce. Mura ce mai zafi."

"Da sharaɓa fa yake ta kuka," in ji Bualoi.

"Wanda ya wuni dashen shinkafa ai dole ƙafa ta yi ciwo."

Bualoi ta dubi takardar, ta dubi 'yar boko, ta sallami mai mota.

Bayan kwana uku idanun Thongsuk suka yi ruwan ɗorawa, fitsari ya tsaya. Likitoci sun ceto ransa, amma ƙodarsa ba ta dawo ba. Sau biyu a mako sai an wanke masa jini da na'ura.

Wilaiwan ta karɓo jininsa na kwana na goma ta ɗiga a takardar. Layi biyu, ɓaro-ɓaro. Nan ta gane kuskurenta. Takardar ba ƙwayar take gani ba, garkuwar da jiki ke tayarwa take gani, ita kuwa sai ta yi kusan mako kafin ta tashi. Jinin firijin duk na waɗanda suka daɗe kwance ne. Ta san wannan sarai. Da bakinta take koya wa ɗalibai.

Abokin aikinta Prasong ya ce mata a hankali, "Gwajin gida kika yi, ba ya cikin bincike. Ba dole ki rubuta ba."

Ta rubuta. A shafin farko na rahotonta ta sa cewa kada a yarda da layi ɗaya a makon farko na zazzaɓi. Aka dakatar da shirin raba takardar ga ƙananan asibitoci.

Sai da ta yi wata biyu kafin ta iya taka ƙauyen. Ta tarar da Thongsuk ya rame, yana kallon gonar da surukinsa ke nomawa yanzu. Bualoi ta ajiye kwandon shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda. Wilaiwan ta durƙusa, ta haɗa tafin hannuwanta.

"Yaya, ni na hana a kai ka."

"Na sani. Ai ina wurin. Ni ma ban so zuwa ba. Abin da kunnena ke so kika faɗa. Tashi, gwiwarki ba ta yarinya ba ce."

Ta zauna. Ya tambaye ta me takardar ke nema yanzu. Ta ce jinin ranar farko, shi ne ba su da shi.

"Wannan kuwa a garin nan kamar ruwan gona. Zan gaya wa mai gari, duk wanda jikinsa ya yi zafi a kira ki."

Bualoi ta ɗago kai. "A asibiti za ta ɗiba. Bayan an kai su."

"A asibiti," Wilaiwan ta ce.

Daminar da ta biyo baya ta tara jinin mutum arba'in da ɗaya, duk na ranar farko ko ta biyu. Har yanzu tana neman furotin da zai kama cutar tun da wuri. Thongsuk bai ƙara shiga gona ba.