Gadon da Na Ce Ba Ni Na Saya Ba

Shekara goma sha shida ina aiki a wani kamfanin katifa a Sharada, kuma aikina neman aibu ne. Katifa ta fito daga wajen ɗinki, in danna ta da babban yatsa, in juya ta, in ce ta wuce ko ta koma. Iyakar abin da na iya ke nan. Don haka da Allah ya ba matata Aina'u ciki bayan shekara goma sha uku da aurenmu, ina da arba'in da biyar a duniya, sai na kwashi wannan hali na ɗora wa gadon jariri.

Daga asibiti abin ya samo asali. Ranar da na raka ta awo, ni kaɗai ne namiji a kan benci. Na ji ma'aikaciyar jinya tana cewa a kwantar da jariri rigingine, a kan katifa mai tauri, ba filo, ba tulin bargo, don kada wani abu ya toshe masa hanci. Mata suna ta hirarsu. Ni kuwa tun daga ranar, ko a wajen aiki na rufe ido, ɗan hancin nan nake gani da filo a kansa.

Na zaga shaguna neman gado. Wannan na ƙarfe ne, fentinsa yana ɓarewa. Wancan na roba ne, na jingina da shi ya yi ƙara. Wani mai shago ya tambaye ni ko ni zan kwanta a ciki. A ƙarshe na je wajen Zakari kafinta, bayan kamfaninmu, da gwangwanin madara a aljihu. Na ce masa duk tsakanin sandunan gadon da gwangwanin nan ya wuce, a sake, don kada kan jariri ya shiga ya maƙale. Sau uku ina mayar masa da aiki.

"Malam Ɗayyabu," ya ce, "'ya'yana bakwai, duk a tabarma suka girma, kuma kowa yana nan da kansa a wuyansa."

"A ƙara goge wannan kusurwar," na ce.

Katifar kuwa a kamfani na saya, na tsaya a kan mai yanka soso har ya fara yi mini kallon banza.

Gadon yana wajen Zakari karo na huɗu aka haifi yarinyar. Aina'u tana gidansu a Kumbotso, wajen mahaifiyarta Hajiya Mas'uda, can za ta yi jego. Sai a lokacin na ga inda na yi wauta. Wata biyar ina tunanin sanduna, ban taɓa tunanin yadda zan shiga gidan surukai da gado a ka ba. Yarinyar 'yar fari ce. A gidan su Hajiya, uban ɗan fari ko kallon jariri ba ya yi a gaban manya. Ya gaishe su, ya sunkuyar da kai, ya fita kamar wanda ya zo duba mitar wuta.

Na tafi wajen yayata Hansatu a Panshekara, na roƙe ta ta kai gadon ta ce ita ta saya.

"Ni? Ni da na goyi shida da zani?"

"Ki ce dai gudummawarki ce, Yaya."

"To. Amma in an yi godiya, tawa ce."

Kwana huɗu da haihuwa, bayan na tashi daga aikin safe, na ɗora mata gado a adaidaita sahu. Na ɓata rabin awa a bakin titi don kada a ga mun zo tare. Da na isa, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin mai jego. An ɗage labule, ina hango gadona a tsaye.

"Malam, ka ga abin arzikin da yayarka ta kawo?" in ji Hajiya daga ciki.

"Allah sarki," na ce. "Ashe."

"Na sha wahala a kansa," in ji Hansatu. "Har kafinta ya ce bai taɓa ganin mai fitina irina ba."

Hajiya ta danna katifar da tafin hannu. "Wannan ai katako ne. Hansatu, an cuce ki. Wane mara tausayi ne ya yanko wannan?"

"Wani tsoho ne mai sanƙo," in ji Hansatu.

Na gyara zaman hulata.

Hajiya ta ninka bargo biyu ta shimfiɗa. Ta kawo ɗan filo mai ruwan hoda ta sa a wajen kai, ta tare gefe da gefe da wasu biyu, sannan ta kwantar da yarinyar a tsakiya ta lulluɓe ta da tawul har haɓa. Aina'u tana zaune a bakin gado da kofin kunun kanwa. Ta ɗago ido ta dube ni, ta mayar ƙasa. Tare muka ji maganar asibiti, amma ita ma kunyar 'yar fari ta ɗaure mata baki a gaban mahaifiyarta.

"Hajiya," na ce, ina kallon tabarma, "kwanan nan zafi ake yi."

"Jariri bai san zafi ba."

"Na ji kamar an ce a rediyo wai filo..."

"Shi mai rediyon ya taɓa goyo?"

Na ɗauki kofin ruwa na ajiye ban sha ba. Sai yarinyar ta motsa, ta juya kai, kumatunta ya nutse cikin filon gefe. Daga inda nake na daina ganin hancin.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ga kaina dai a cikin ɗakin, da yarinyar a hannu, ina tsince filo da ɗaya hannun.

"Hajiya, ku yi haƙuri. Ni na sa aka yi gadon nan. Ni na sa aka yanko katifar, kuma da gangan aka yi ta da tauri." Na zayyana musu abin da aka ce a asibiti, har da labarin gwangwanin madara da babu wanda ya tambaye ni.

Aina'u ta ajiye kofin kunun.

"To ni godiyata fa?" in ji Hansatu. Babu wanda ya kula ta.

Hajiya ba ta dube ni ba. Ta juya wajen 'yarta. "Haka suka ce?"

"Haka suka ce, Umma."

"Kuma kika zauna kina shan kunu?"

Aina'u ta sunkuyar da kai. Hajiya ta daɗe tana kallon gadon. "Ni ma shekara goma sha uku nake jiran yarinyar nan," ta ce. Ta yaye bargon da hannunta, ta lailaye zanin gadon har ya kwanta sumul. "Kwantar da ita mu gani."

A nan asirina ya gama tonuwa. Na san komai game da gadon, amma ban san yadda ake ajiye jariri ba. Na sunkuya, na ɗago, na sake sunkuyawa.

"Tallafe wuyan. A'a, ba haka ba. Zare hannunka a hankali." Sai da Hajiya ta kama gwiwar hannuna ta sauke shi, kamar mai koya wa yaro rubutu. Yarinyar ta kwanta rigingine, ta yi hamma, ta ci gaba da barcinta, hancinta a sarari.

"Ungo," in ji Hajiya, ta miƙo mini filon nan mai ruwan hoda. "Je ka zauna a kai."

Ba a ƙin abin da suruka ta miƙo. Ina zaune a kansa a ƙofar ɗaki maƙwabta 'yan barka suka yi sallama, su biyar, Hansatu kuwa ta fito da sauri ta tarye su don ta ba su labari tun daga farko.