Ranar da Na Ƙi Buga wa Ɗana Tulu

Ni ce mai buga tulu a zumuntar mata ta cocinmu, a wani ƙauye can bayan Kagoma. Sunana Afiniki, amma tun da ɗana Silvanus ya ci kansila aka daina kirana da shi, sai Maman Honarabul. Da farko na ji daɗin sunan, ba zan yi ƙarya ba, har tafiyata sai da ta canza. Daga baya ya koma mini kamar takalmin aro, yana matsa ta ina murmushi.

Wanda bai san zumunta ba, bari in gaya masa. Muna da caki, muna da ƙuge, muna da 'yar ganga, amma tulu ne ke buɗe waƙa. In ban ɗora tafin hannuna a bakinsa ba, babu matar da za ta ɗaga ƙafa. In kuwa ya yi ƙara, ko wadda ta shigo tana kukan ciwon gwiwa sai ta manta tana da gwiwa. Haka muka gada, haka muke yi.

Lokacin kamfen, Silva ya tsaya a gindin mangwaron kasuwarmu ya ce, "Iyayena, ni ba zan yi muku alkawarin kwalta ba, kansila ba ya yin kwalta. Abu ɗaya zan yi. Kasuwar farko ta kowane wata zan zo in zauna nan, kowa ya tambaye ni abin da yake so, in amsa." Ranar na fi kowa guɗa. Ya ci zaɓe, ya zo zaman farko, na biyu ya aiko wani, daga nan shiru kake ji. Ya kama haya a Kafanchan da matarsa Joanna, wayarsa kuma ta koyi yin ƙara ba a ɗauka.

Ana haka cutar nan ta faɗa wa citta. Mu da citta ce makarantar yaranmu, ita ce asibitinmu, muka wayi gari ganye ya yi ɗorawa, ka tona ka tarar da ruɓa. Aka ce an kawo iri da magani sakatariya. Wa ya gani? Oho. Iska ta yaye rufin ɗakin shan magani, ya kwana ya wuni a buɗe. Babu wanda ya ce Silva ya ci wani abu, mutane dai suna neman wanda za su tambaya ne ba su samu ba. To ni ce a kusa. In je rafi a tambaye ni, in je niƙa a tambaye ni, ko gaisuwar mutuwa na je sai wata ta matso ta ce, "Maman Honarabul, yaya maganar iri?" Ɗan kuka ke ja wa uwarsa jifa, na sha jifa har na ƙoshi.

Wadda maganarta ta fi tsaya mini ita ce Nene, Bafulatanar da ke kawo mini nono tun muna da ƙuruciya. Ta sauke ƙwarya ta zauna ta ce, "Inna Silba, mu ma mun dangwala masa fa. An nome burtali ta wajen fadama, shanu ba hanya. Maigidana ya je Kafanchan har ƙafarsa ta gaji, bai gan shi ba. Muna so a zauna tun abin bai zama faɗa ba." Na ƙara mata dawa a kan wadda na saba ba ta.

Sai ga sanarwa a coci, wai Honarabul zai zo godiya ga Ubangiji saboda ya cika shekara biyu a kan kujera, har da ciyaman na ƙaramar hukuma. Ka ji fa! Lokacin zama babu, lokacin rawa akwai.

A taron zumunta na makon, ba a gama addu'ar buɗewa da kyau ba maganar ta tashi. Wata malamar firamare ta ce ai doka ta yarda a yi wa zaɓaɓɓe kiranye. Aka tambaye ta yadda ake yi, da ta fara bayani sai muka ga kafin a gama wa'adinsa ma ya ƙare. Wata ta ce mu cika mota mu je mu zauna a ƙofar gidansa. Wata ta ce a bar shi da Allah, aka ce mata ai tun bara muka bar shi da Allah, Allah kuma ya ba mu baki. Duk ana yi ana satar kallona.

Uwar zumuntarmu, Mama Tamar, ba ta da hayaniya. Ta bari kowa ya gaji sannan ta ce, "Me 'yan siyasa ke nema a wurinmu? Ba shawara ba, ba su taɓa tambaya ba. Rawarmu suke so da guɗa, a ɗauka a waya a nuna cewa gida na bayansu. To abin da ke hannunmu ke nan. Ran Lahadi za mu sa zanen zumunta, mu zauna a bencinmu. Ba zagi, ba ihu, gidan Allah ne. Amma ba za mu raka shi gaban bagadi ba sai ya faɗi ranar da zai zauna da mu."

Sai ta juyo gare ni. "Maman Silva, ba mu ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki ba. In kina so ki zauna a gida ranar, babu mai ganin laifinki."

Raina ya ɓaci, ban san ma da wa ba. Na ce, "In zauna a gida a ce me? Ciwon ciki? Ni ma na shuka citta, Tamar. Ku ba ni zuwa Asabar."

Kashegari na hau mashin zuwa Kafanchan. Na same shi a falo da wasu masu manyan riguna, ya sallame su ya rusuna ya gaishe ni, don ban haifi marar kunya ba. Joanna ta kawo ruwa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce, "Silva, faɗi rana kawai. Ka aika wa fasto ya sanar kafin Lahadi, ni kuma in buga maka tulu har tafina ya tsage."

Ya yi dariya, irin dariyar babansa marigayi. "Mama, ba ku san yadda ofis yake ba. Mitin yau, mitin gobe. In na zauna a gindin mangwaron nan me zan ce musu? Abin ba a hannuna yake ba."

"Sai ka ce musu ba a hannunka yake ba, ka faɗi hannun da yake. Ai shi ma amsa ce."

"A bari a gama godiya tukuna. Ciyaman zai zo, Mama. Kada ku ba ni kunya a gabansa." Ya riƙe hannuna yana murza shi. "Kuma ni ban damu da su Mama Tamar ba. Ke ce mai tulu. In kin buga, za su tashi."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. A hanyar dawowa mai mashin yana ta surutu, ban ji ko ɗaya ba. Tsoro nake ji. Yaron nan ni kaɗai na rene shi, na san zuciyarsa, yana da daɗin zama amma in ya ƙulla abu ba ya kwancewa da wuri. Na san in na bar shi a tsaye gaban mutane zan iya rasa shi. Na kuma san in na buga, babu sauran mai iya zaunar da shi, don matan nan ba za su sake haɗa baki a kan komai ba.

Lahadi coci ta cika har tagogi. Motoci a waje, ciyaman a kujerar gaba da jar hula. Aka yi wa'azi, aka yi baiko, wato sadakar da ake tarawa a coci, sannan mai sanarwa ya ɗaga murya: "Yanzu lokacin godiyar ɗanmu Honarabul Silvanus Kambai da iyalinsa. Zumuntar mata, ku rako shi!"

Silva yana tsaye a bakin ƙofa cikin farar shadda, Joanna a gefensa, a bayansu masu ɗauke da doya da buhun shinkafa, wani na jan akuya. Matan zumunta kowace ta ɗora hannu a cinya. Tulun yana tsakanin ƙafafuna.

Mai sanarwa ya ɗauka ba mu ji ba, ya maimaita. Mai jita ya ɗan taɓa waya ya ga babu mai bin sa, ya bari. Ba abin da ake ji sai kukan akuyar. Silva ya dube ni daga can, yana murmushi, ya ɗan ɗaga mini gira, yadda yake yi yana yaro in yana son ƙarin tuwo. Yesu! Hannuna da kansa ya tashi, sai da ya kai bakin tulun. Na ji matan da ke kusa da ni sun gyara zama, ƙafafunsu sun shirya. Sai na zare hannun na tura shi ƙarƙashin cinyata na zauna a kai.

Murmushin ya tafi. Ya tsaya jim, sannan ya taho, ba kiɗa ba waƙa, takalminsa na ƙara a kan siminti, daga ƙofa har bagadi. Ban taɓa sanin cocinmu na da tsawo haka ba. Da ya zo daidai bencina bai waiwayo ba. Fasto ya yi musu addu'a, muka ce amin da ƙarfi, don addu'a ba mu hana shi ba. Mama Tamar ta miƙe ta ce cikin ladabi, "Ɗanmu, waƙarka na nan mun ajiye maka. Muna jiran ka ran kasuwa." Ta zauna. Ana tashi ya shiga mota.

Joanna ce ta gaya mini a waya abin da ya biyo baya. Wai tun a mota ciyaman ya ce masa, "Kai da uwarka ma ta ƙi yi maka rawa, da wane baki za ka nema mini ƙuri'a? Je ka gyara gidanka." Labari kuma ya kai wasu ƙauyuka, har matan wata coci sun aiko suna tambayar yadda muka yi.

Kasuwar farko ta watan da ya biyo baya, sai ga shi. Ba rakiya, ba lasifika, ya zauna a kan benci. An yi masa ca da farko, ya haɗiye. Ya ce iri ya zo amma kaɗan, an raba a sakatariya ranar da ba ya nan, bai kuma bi sawu ba, laifinsa ne. Wani abin ya ce bai sani ba, zai tambayo. Mijin Nene ya yi maganar burtali, aka sa ranar da mai unguwa da arɗo da masu gonakin za su taka wurin tare, kuma an taka. Rufin ɗakin shan magani an buga rabi, rabin muna nan muna tambaya. Tun daga lokacin bai fasa zuwa ba, ko ana ruwa.

Gidana kuwa bai shigo ba. Hanyar kasuwa ta ƙofata ta bi, ina jin motarsa ta wuce, ta dawo ta wuce. Yana aiko da Joanna da sabulu da magi, ita ce ke cewa yana gaisuwa. Mutane na ta yaba mini, wai na yi abin kirki, har wani dattijon coci ya sa ni a cikin wa'azi. Na ce masa don Allah ya cire ni. Abin yana mini ciwo, kuma in aka maimaita ranar ba zan buga ba, duka biyun gaskiya ne.

Yanzu duk ranar zama nakan ɗauki 'yar kujerata in je in zauna a baya, kusa da masu sayar da daddawa. Nan nake ganin ɗana, sau ɗaya a wata, kamar kowa. A zaman da ya wuce na lura ya rame, yana kuma tari. Da aka kusa tashi ya ce, "Akwai sauran mai tambaya?" Idonsa ya bi jama'a har ya iso kaina, ya ɗan tsaya. Ina da tambaya, amma ba irin wadda ake yi wa kansila ba ce. Ban ɗaga hannu ba.