Barbaɗen Baba Gadina

"Yaya, wannan ai farar wuta ce," in ji ƙaninta, yana shinshina garin da ke cikin leda. "Wa ya ce miki asiri ne?"

Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Wata biyu ke nan tana ɓoyon ledar nan a saman kabad, tana jiran ƙaninta malamin kimiyya ya zo hutu, ya ga irin maƙwabcin da Allah ya haɗa ta da shi.

Abu biyu marigayi mijinta ya bar mata a tsakar gida, rijiya da bishiyar lemon tsami, kuma ba a taɓa mata ko ɗaya a zauna lafiya. Tun bara ganyen lemon ya fara rawaya, gindinsa yana yin farin ɓawo irin na cikin butar shayi. Ta ƙara masa ruwa, ta zuba masa toka, abin sai gaba yake yi.

Baba Gadina, tsohon da katanga ta raba su, shekara talatin ya yi yana kula da furannin wata makaranta. Bayan ya yi ritaya ya koma sayar da dashe a ƙofar gida. Shi ya leƙo wata rana ya ce, "'Yata, ruwan rijiyar nan ne ke kashe bishiyar. Kanwa gare shi. Ki kuma daina zuba toka."

"Rijiyar da muka sha shekara ashirin?" Ta juya masa ƙeya. A kunnenta, zagin marigayi tsohon ya yi.

Ran nan ta dawo daga kasuwa da hantsi, ta tarar ya shigo ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajen, ya tsugunna yana watsa wani gari ruwan ɗorawa a gindin bishiyar. Allah ya yi wa Tela murya, ba ta kuma rowarta.

"Jama'a, ku zo ku ga barbaɗe da rana tsaka!"

Kafin tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe, rabin layi ya cika gidan.

"Magani ne," ya ce.

"Ai na san magani ne! Da ma ina ta mamakin abin da ke cin bishiyar nan!"

Ya dube ta, ya dubi mutane, ya kaɗe hannu ya fita. Ta share garin tas ta ƙulle a leda, ta sa kafinta ya buga wa ƙofar ƙusa huɗu. Daga ranar masu sayen dashe suka ɗauke ƙafa, shi ma ya daina fitowa kan bencinsa.

Yanzu ga ƙaninta ya ja ta har gindin bishiyar. Ya yanka lemon tsami, wanda a kasuwa ta sayo shi, ya matsa a kan farin ɓawon. Wurin ya yi shuu, ya tada kumfa.

"Kin gani? Ruwan rijiya ya cika ƙasar da kanwa, saiwar ba ta iya cin abinci. Farar wuta ke karya ta a hankali. Toka kuwa ƙara mata take yi. Wanda ya zuba wannan ya san aikinsa, Yaya. Wane ne?"

Kunya ta lulluɓe ta tun daga tafin ƙafa.

Taku goma ne daga ƙofarta zuwa tasa, amma sai da ta kwana biyar ba ta yi su ba. Kullum da dalili: yau ɗinki ya yi yawa, gobe ba ta da abin riƙewa a hannu. Ta bayan katanga tana jin tarinsa, sai ta ƙara wa keke gudu don ƙarar ta rufe shi.

Rana ta shida ta je. 'Yarsa, wadda ta zo jinya, ta tare bakin ƙofa.

"Lafiya? Ko wani barbaɗen aka sake gani?"

"Bar ta ta shigo," aka ce daga ciki.

Ɗakin na warin man zafi. A kan taga gwangwanayen madara ne jere, dashen cikinsu duk sun bushe. Tsohon ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Tela ta durƙusa.

"Baba, na zo ne..."

"Lemon ya mutu?"

"Bai mutu ba."

"Alhamdu lillahi. Ki sa ganga a ƙarƙashin indararo, ruwan sama ba shi da kanwa. Shi za ki riƙa ba shi. Busasshen ganye ma kada ki share, ki tara masa a gindi." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Tare muka dasa shi da mai gidanki. Ni na riƙe, shi ya tura ƙasa."

Wannan ba ta taɓa sani ba. Kalma uku ce ta kawo ta, ka yafe ni, ga su nan a bakinta, amma 'yar na tsaye a kanta, sai suka yi nauyi. Tari ya sarƙe shi, aka ce ta bari ya huta. Ta ce a ranta gobe.

Washegari kafin azahar ta ji kuka ta bayan katanga.

A wurin zaman makoki tana can gefe, ta sunne kai, sai ta ji matar mai kemis tana raɗa wa ta kusa da ita, "Allah dai ya jiƙansa. Amma an ce yana ɗan taɓa ƙulle-ƙulle."

An ce. Tela ta san wadda ta ce. Ta miƙe, ta ɗaga muryar nan da ta tara masa jama'a.

"Ba an ce ba ne, ni na ce, kuma ƙarya na yi masa. Farar wuta ce, maganin ƙasa. Bishiyata yake ceto, na tozarta shi a gabanku. Na je neman gafara, girman kai ya hana ni buɗe baki."

Matan suka kau da kai. Da zaginta aka yi da ya fi mata sauƙi.

Bayan kwana uku 'yar ta yi sallama, ta ajiye wani gwangwanin madara a kan keken ɗinki. Ƙulli huɗu ne a ciki, kowanne an rubuta masa da biro watan da za a zuba shi, rubutun duk ya karkace.

"Tun kafin ya kwanta ya auna su. Ya ce idan kin huce a ba ki barbaɗenki."

Da la'asar Tela ta ɗauko filaya ta zare ƙusoshin nan huɗu, ta bar ƙofar a buɗe. Ta tsugunna a inda ta tarar da shi, ta kwance ƙullin farko. Garin ya maƙale mata a yatsu. Tana watsawa a hankali, daga nan tana hango bencinsa jingine da bango.