Kobon Kan Rufi

Tun da Malam Ndakotsu ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya zama gwamnan tsofaffin kwabbai. Anini, ɗari, sisi, sule, kowanne da 'yar ambulan ɗinsa, an rubuta shekararsa a baya, an jera su cikin akwatin katako daga na Turawa zuwa na bayan 'yancin kai. Dokokinsa uku ne, matarsa Murja ta haddace su ba don tana so ba: ba a wanke tsohon kuɗi, ba a riƙe shi sai ta gefe, kuma danshi ba ya kusantarsa. Ko sabon takalmi aka saya a gidan, shi ba takalmin yake kallo ba, 'yar jakar tsotse danshi da ke cikin kwalin yake fako.

Ambulan ɗaya ce tal babu komai a ciki, ta kobo mai huji na 1936. Ya neme shi a Gwada, ya neme shi a Beji, har tsofaffin kasuwa suka fara ɓuya idan sun hango hularsa.

Ana nan sai Jonah kafinta ya hau gyaran indararo, ya leƙo daga sama.

“Baba, wannan rufi naka akwai kuɗi fa. Kowane ƙusa, kobo ne a ƙarƙashinsa.”

Ashe mahaifin Malam, lokacin da aka daina karɓar kwabbai masu huji, shi ne ya sa su a wuyan ƙusoshi don kada ruwa ya bi. Mai nema a duhu, ga abu shekara sittin a saman kansa. Nan take ya sa Jonah ya zare ƙusoshin ɗakin kwana guda arba'in, kuma a cikinsu, wallahi, ga na 1936. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai zauna.

“Malam, damina fa ta kusa,” in ji Murja.

“Ƙusa ai ƙusa ce. Jonah, mayar da su haka nan.”

Ruwan farko ya sauka wata Laraba da la'asar, Malam yana masallaci. Ya dawo a jiƙe ya tarar da ɗakin kwana ya zama rariya, kwanuka da bokitai ko'ina suna kiɗa. Ya duba ƙarƙashin gado, babu akwati, sai ruwa.

Murja ta bar shi ya ɗan sha wuya tukuna, don ita ma katifarta ta sha. Sannan ta buɗe babbar kular da take zuba tuwon biki. Ga ambulan ɗinsa duka a jere, a bushe ƙayau, har da 'yan jakunkunan tsotse danshin a sama.

“Ban wanke ba, ban riƙe ta tsakiya ba,” ta ce. “Amma kular nan ba ta fita hannuna sai an mayar wa mahaifinka kuɗinsa kan rufi. Ya fi ka iya ajiya. Shekara sittin, ko ɗaya bai ɓata ba.”

Washegari Jonah ya sake hawa. Malam yana miƙa kwabban ɗaya-ɗaya, yana cewa a kama ta gefe, Jonah kuwa yana maka musu guduma. Talatin da tara suka koma.

“Baba, saura ɗaya.”

“Yanko roba ka sa mana.”

“Zafin ranar Minna zai cinye roba kafin shekara biyu. Kuma wannan rami, daidai kan filon Mama yake.”

Hadari ya sake haɗowa daga gabas. Murja tana tsaye a bakin ƙofa rungume da kula. Malam ya dubi kobon da ke hannunsa, ya tuna mahaifinsa a kan wannan rufin, da ƙusa a baki. Abin ya sosa masa rai, amma ya miƙa.

Da ruwan ya sauko, ko ɗigo bai shigo ba. Malam ya jawo ambulan ɗin nan, ya gyara tabarau, ya rubuta a ƙarƙashin shekarar: “Yana nan lafiya. Layi na biyu, ƙusa ta uku daga gabas, saman Murja.” Ya mayar da ita gurbinta.