Katangar da Ke Nishi da La'asar

Wai katangar gidan da jikata ta zana tana nishi. Mai yi mana guga ne ya kawo maganar, shi ma daga bakin direban mai gidan ya ji: kullum da la'asar sai wata murya ta fito daga bango, kamar an danne mutum. An ce daga tsohuwar maƙabarta aka ɗebo ƙasar. Mai gidan ya sa rana, Asabar za a rushe a sa bulo. Aikin jikata na fari ke nan.

Shekara talatin na koyar da kimiyya, ban san ƙasa da maƙogwaro ba. Na ɗauki sandata na tafi.

Gidan ba shi da kusurwa ko ɗaya. Ƙasa ake zubawa tsakanin katako biyu, a kirɓe ta har ta yi tauri, a cire katakon a hau gaba. Katangar ta naɗe falon kamar dodon koɗi, zane ja bisa zane ruwan toka.

"Zafi take sha ta saki, Kaka," in ji jikata, idanunta sun kumbura. "Haka yake a littafi."

"A littafin ma nishi take yi?"

"Mama, da kin zauna daga waje," in ji mai gidan. Shi a bakin ƙofa ya tsaya.

"Na kusa komawa cikin ƙasar ai, bari mu saba."

Muka jira. Can labule ya motsa, sai ga nishin, mai kauri, har cikin haƙora. Labulen ya kwanta, nishin ya tsaya. Sau uku ina lura, tare suke tashi.

Na jiƙa yatsa da miyau, na bi bangon da shi. Wajen kabad ɗin littattafai na ji sanyi. Na sa maginin da ya yi katangar, wanda aka sake kira don rushewar, ya janye shi. Ga rami daidai gwiwa, zagayayye, babban yatsa zai shiga.

"Wannan fa, malam magini?"

"Gurbin ƙarfen da ke riƙe katako ne. Duk mun toshe su." Ya sosa ƙeya. "Kusan duk."

Na cusa hankicina a ramin. Labule ya tashi, bango bai ce komai ba. Na zare, ya ɗauka.

"Zo ka gwada da hannunka," na ce wa mai gidan. Ya tako a hankali, ya durƙusa, ya toshe, ya buɗe, ya sake toshewa.

"To maƙabartar fa?" ya ce.

Maginin ya nuna ta taga, inda aka yi kwatamin ruwa a bayan gida. Daga nan aka haƙo ƙasar. Ramuka sittin ƙarafan suka bari a katangar, an toshe hamsin da tara.