Hotunan da Ilko Ya Tafi da Su

A teburin shan gahawa na bakin kasuwa muka ƙulla maganar, ni Dobri, da ake kira Bai Dobri don girmamawa, da Ilko mai hoto.

"Bai Dobri, gobe Gergana 'yar gidan Penko za ta zo daga birnin Pleven," in ji shi. "Wai kamfaninsu yana ajiye wa mutane kayan kwamfuta ta intanet, ko shago ya ƙone ba abin da zai ɓace. Ka zo ka duba min. Ka san ni, in mutum ya yi min murmushi sai in sa hannu."

"Ni me na sani a kwamfuta? Ranar da na bar makaranta sai da malaminmu ya je coci ya kunna kyandir don godiya."

"Ba kwamfuta za ka duba ba, ƙarya za ka duba. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar wa mutane matattun motoci ai ya san warinta."

"To, me zan samu?"

"Takardar Tsveta kyauta duk shekara. In ka mutu kuma in buga taka, in rage maka hanci."

"In kai ka riga ni fa?"

"Ni? Ai ba na shan abin da kake sha."

Muka tafa a kan haka.

Tsveta matata ce. Duk shekara in ranar rasuwarta ta zagayo, Ilko ke buga min takardar tunawa mai hotonta, in liƙa a ƙofar gida da bishiyar bakin coci da turken lantarkin tashar bas, kamar yadda kowa ke yi wa nasa. Ta ƙi jinin hoto. Da ta ga an ɗaga kyamara sai ta ɗaure fuska kamar jami'in kwastan. Sau ɗaya Ilko ya shammace ta, a wani biki, tana dariya da tiren banitsa, gashinmu na fulawa da cuku, a hannu. Shi ne hoton da muke bugawa. Ban taɓa yarda ya wanke min na ratayewa a bango ba. A kan titi ina iya kallonsa in wuce, a cikin ɗaki ba na iyawa.

Ba nata kaɗai ba, fuskar kusan duk mamacin garinmu tana wurin Ilko, cikin wani ɗan baƙin akwati mai girman kwalin sigari. Da safe ya jona shi da kwamfutar shago, da yamma ya cire ya sa a aljihun kwat ya tafi gida. Ruska matarsa takan ce akwatin ya fi ta sanin ɗumin ƙirjin mijinta.

Gergana ta zo da takardu masu sheƙi, na ture su gefe. A mota ma ba fenti nake dubawa ba, ƙarƙashi nake shiga.

"Ina ake ajiye kayan?"

"A gine-gine biyu, Bai Dobri, a ƙasashe biyu. In ɗaya ya lalace akwai ɗayan."

"Wa ke iya buɗewa ya kalla?"

"Mai kalmar sirri kawai. Ko ni ba zan iya ba."

"In kamfanin naku ya karye fa?"

"Za a sanar da ku tun da wuri, ku kwashe kayanku."

Ba ta kauce wa idona ba, ba ta kuma yi saurin amsawa irin na wanda ya haddace ba. Duk da haka na ce magana ba ta isa ba, sai an gwada. Ta yarda a ba mu lokacin gwaji. Da kayan suka gama hawa, na sa Ilko ya goge hoton marigayiya surukarsa daga akwatin.

"In bai dawo ba, ban yi asara ba," in ji shi.

"Ina jin ka," Ruska ta ce daga bayan labule.

Hoton ya dawo, tsohuwar tana hararar mu kamar yadda ta saba. Na sa ya cire akwatin gaba ɗaya, muka tafi kantin magani, muka shiga da kwamfutarsu, muka ciro hoton Tsveta. Ga ta nan da tirenta. Ranar Lahadi na buga lambar kamfanin da gangan, na yi kamar na fi yadda nake jahilci, wani mutum ya yi haƙuri da ni har na gaji don kaina. Daga nan na ce wa Ilko abin yana da kyau. Har yau kuma ban janye ba: duk abin da na gwada ya yi.

Ranar sa hannu ba na nan, na raka wani duba tarakta. Su biyu suka ƙarasa. Abin da na sani shi ne tun daga ranar Ilko ya kafa doka a shago: kada kowa ya kashe kwamfutar, domin da kanta take aika sabbin hotuna.

Haka aka ci hunturu biyu. A kaka ta gaba, yana cikin ɗaukar wata amarya a gaban coci, ya zauna a kan matakala ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ya cika.

A daren zaman gawa mata suka rufe madubin gidan da na shagon da ƙyalle, kamar yadda al'adarmu take in an yi rasuwa. Ruska ta tsaya a gaban kwamfutar, ta ga fuskarta a gilashin, ta ce wannan ma madubi ne, ta yafa masa baƙin mayafi. Ba ta kashe ba, tunda mai shi ya hana. Ta kulle shagon, ta ce sai bayan arba'in.

Da safe, kafin a rufe akwatin gawa, kowa ya kawo abin da za a sa masa. An sa tabaransa, an sa sigari, an sa 'yan sulalla. Ruska ta fito da ɗan baƙin akwatin nan ta tsaya tana juya shi a hannu.

"Bai Dobri, bai taɓa fita ba tare da shi ba. Amma na mutane ne a ciki."

"Duk abin da ke ciki yana can wurin kamfani," na ce. "Da idona na gani."

Ta zura masa shi a aljihun kwat na hagu, ta shafa wurin. Kowa ya ce ta kyauta.

Ranar arba'in muka je kabari da fada, limamin cocinmu, aka raba dafaffiyar alkama, aka zuba masa ruwan inabi. Washegari Ruska ta buɗe shagon, domin akwai masu jira. Ni ma ranar Tsveta ta kusa. Ta yaye mayafin, ta shiga da kalmar sirrin da ya koya mata. Takardun shago suna nan, da hotunan fasfo na 'yan kwanakin ƙarshe da ya bari a kan kwamfutar. Wurin da kayan akwatin suke zama kuwa wayam. A gefe ga saƙonnin kamfani a jere, ba wanda ya buɗe su.

Gergana ta iso da yamma. Ta karanta, ta zauna a kujerar da ake ɗaukar hoto.

"Lelya Ruska, ina akwatin?" ta ce. Lelya, wato gwaggo, haka matasa ke kiranta.

"Yana tare da mai shi."

Sai Gergana ta yi mana bayani. Kamfanin yana bin abin da kwamfuta ke nuna masa ne. In kwamfuta tana kunne amma aka yi wata guda ba a jona akwatin ba, sai ya ɗauka mai shi ya daina amfani da shi, ya share nasa kwafin. Kafin ya share yana aiko gargaɗi, ya kuma aiko. Duk sun iso, a ƙarƙashin mayafi.

"Da an kashe kwamfutar fa?" na tambaya.

"Da suna nan. In ta mutu gaba ɗaya suna jira watanni."

"Kin gaya masa wannan?"

"Na gaya masa ranar sa hannu. Har na ce akwai tsarin da ke riƙewa shekara, da ɗan ƙari. Ya yi dariya, ya ce shi kullum da safe yake jonawa, ranar da bai jona ba to ya mutu."

Na yarda da ita. Maganar Ilko ce sak, har na ji muryarsa a ciki.

Ta buga wa manyanta a gabanmu, ta roƙa, ta yi faɗa. Suka ce abin da aka share ya tafi, kuma haka aka gina shi don kada wani ya tono kayan mutum bayan ya yar. Ban ga laifin wannan ba. Wanda ya yanka wa'adin wata guda bai san akwai garin da ake rufe madubi fiye da haka ba, mu kuma da muka tambayi mutuwar kamfani ba wanda ya tambayi mutuwar mai shago.

Maganar ta zaga gari. Wani ya ce a nemi izini a buɗe kabarin. Fada ya ƙi, Ruska ma ta ƙi.

"In an buɗe za a sa ni kusa da shi, ka ɗauki akwatin," ta ce min.

"Ruska, ƙasar maƙabartarmu ko ƙarfen garma ba ta bari. Kuma ke kike da alamar kai mu kabari duka."

Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bakin mayafi.

Na koma gida na tsaya a ƙofa. Takardar bara tana nan, ta sha rana ta sha ruwa. Na ɓamɓare ta a hankali da wuƙa, gefen da tiren yake ya yage. Ta bakin coci an liƙa wasu a kanta, ta tashar bas iska ta ɗauke. Na kai wadda na samu birnin Lovech wurin wani mai buga takardu, ya kwafa, ya ƙara mata baƙi yadda zai iya. Wanda ya san Tsveta zai gane ita ce. Wanda bai santa ba zai ga mace mai ɗankwali, ba zai san dariya take yi ba.

Ruska ta sayar da injinan, shagon ya koma na sayar da takalma. Gergana ba ta ƙara samun wanda zai sa mata hannu a garinmu ba, alhali ita kaɗai ce ta faɗi abin yadda yake. Kamfanin bai ma san an yi ba. Mai bugun Lovech ya samu jama'ar gari guda, kowa da yagaggiyar takardarsa. Ni na duba kaya na ce suna da kyau, na samu takarda kyauta sau biyu, na rasa dariyar matata. Ilko kuwa, wanda ya ce sai ya buga tawa, shi ne ya tafi da mamatan garin gaba ɗaya a aljihunsa, kowannensu fes yadda ya ɗauke shi.