Idon Da Ya Rage Wa Wilf

Wasa goma sha ɗaya a jere aka lallasa mu. Mu fa, Thornsley, garin da tun da aka rufe ramin kwal ba mu da abin taƙama sai kulob ɗinmu na wasan zari-ruga. Saura ƙiris mu gangara rukunin ƙasa, inda ko karnukan gari ba sa zuwa kallo. Muka sallami koci, mu bakwai 'yan kwamiti muka zauna ranar Lahadi da hantsi don zaɓen wani.

Mutum biyu suka nema. Akwai Keith Hobday, surukin shugabanmu Arnold, wanda iyakar gwanintarsa ihu a bakin fili. Sai Malcolm Birtwistle, wanda ya farfaɗo da kulob biyu da aka riga aka fid da rai da su. Matsalarsa, ɗan Lancashire ne, daga bayan tsaunuka, yankin da muka daɗe muna hamayya da shi. Kuma shi ne ya kai wa yayana Wilf gwiwar hannu a fuska ana tsakiyar wasa, shekara talatin da suka wuce, idonsa na hagu ya mutu. Tun ranar ban ƙara ambaton sunansa ba sai da zagi.

Birtwistle ya shigo, ko murmushi babu. Ya ce, "Yaranku ba ragwaye ba ne. Ba a koya musu kama mutum ta ƙafa ba, rungumarsa suke yi kamar sun ga kakarsu. Ku ba ni mako shida."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona min rai.

Da ya fita, Arnold ya buga tebur. "Shekara ɗari da ashirin, ɗan bayan tsauni bai taɓa riƙe mana kulob ba!"

Doreen sakatariya ta ce, "To, a ci gaba da shan kashi hannun 'yan gida, Arnold. Ya fi daɗi, ko?"

Aka ɗaga hannu, uku da uku. Kowa ya zubo min ido. Na san sarai wanda zai cece mu. Na ɗaga wa Keith.

Daga nan gidan Wilf na nufa, ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Na same shi a kicin yana ɗumama wake.

"Yaya, na rama maka. Na kora ɗan iskan nan bayan tsauninsu."

Ya ajiye cokali a hankali. "Wane ɗan iska?"

"Birtwistle mana."

"Kai, Stanley, Allah wadaran wannan kan naka! Ni na rubuta masa takarda. Sau uku ina roƙonsa kafin ya yarda ya zo!"

Na ce, "Amma idonka..."

"Idona ne ko naka? Wa ya aike ka? Ni na fara kai masa naushi ran nan, duk filin sun gani, kai kaɗai ka ƙi gani. Mutumin nan duk Kirsimeti sai ya kira ni." Ya dangwala yatsa a ƙarƙashin idonsa na dama. "Likita ya ce wannan ma shekara ɗaya ta rage masa, ko biyu. So nake in ga mun ci wasa da idon nan, ko sau ɗaya ne."

Ban san zancen likitan ba. Shekara talatin ina fushi a madadinsa, ban taɓa zama na tambaye shi komai ba.

Ya juya min baya, ya ci gaba da juya wakensa. "Ja min ƙofar in za ka fita."